Ranar da Na Cire Ki Daga Guruf Ɗin Manoma

Bakori,
ranar Laraba da la'asar.

Uwata,

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne mai tsare matafiyi da wanda aka bari a gida. Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Zariya lafiya, ke da kayanki, direba bai yi gudun hauka da ku a hanyar Giwa ba. Ki gaishe mini da Gwaggonki Asabe da mutanen gidanta, ki ce mata yayanta ya ce amana ya aiko mata.

Na ba mahaifiyarki takardar ta sa miki a ƙasan akwati, ƙarƙashin darduma, don na san ba za ki kai wurin ba sai kin sauka kin nemi yin salla. Kada ki nemi labari a ciki, labarin gidan nan kin fi ni saninsa. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro, kuma kin san ta. Tun farkon daminar bara, ranar da na cire ki daga guruf ɗin manoma, ba ki sake gaya mini wata magana da ta wuce gaisuwa ba. Kina durƙusawa ki ce ina kwana, ki kawo tuwo, ki dawo ki ɗauke kwano. Ko maƙiyinki ba zai ce kin yi mini rashin kunya ba. Amma ni na san abin da na rasa, kuma gobe da safe mota za ta tafi da ke ban dawo da shi ba. Abin yana ci mini rai, Uwata, ba zan ɓoye miki ba.

Ga shi kuma aikin da kamfanin nan mai sayar da irin shuka ya ɗauke ki shi ne ki riƙe musu shafinsu, ki amsa tambayoyin manoma, ki bar wanda kika ga dama ya yi magana, ki fitar da wanda kika ga dama. Wato irin makullin da aka taɓa danƙa mini ne za a danƙa miki. To bari in nuna miki wuraren da na yi tuntuɓe, tun daga farko, ko kya ɗaga ƙafa idan kin iso su.

Ke kin buɗe ido kin tarar da intanet a tafin hannunki, kina yi masa magana yana amsa miki. Ni ba haka na same shi ba. Lokacin kina goye a bayan uwarki, ina malamin gona, ina yawon ƙauyuka a kan tsohon babur na gwamnati, Emeka ya buɗe shagon kwamfuta kusa da tasha a Funtuwa. Kin san shi, shi ne yanzu yake sayar da injin feshi da famfon ban-ruwa. Ubansa daga kudu ya zo yana sayar da kayan gyaran mota, shi kuwa a Funtuwa aka yanke cibiyarsa, Hausar bakinsa ta fi tawa kaifi. A shagonsa na fara taɓa abin da ake kira yanar gizo. Janareto na kuka a bayan shago, kana zaune kana jiran shafi ya buɗe, sai ka sha furarka ka wanke ludayi hoto bai gama sauka ba.

Maganin ƙuduji na je nema, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye dawa tun daga saiwa. Na kuwa samu dogon bayani da Turanci. Da na iso wani wuri da ban gane ba, sai na tambayi Emeka inda zan rubuta musu tambayata. Ya yi dariya ya ce babu wurin, ai shafin nan allon bakin titi ne, ka karanta ka wuce. Haka kusan duk shafukan lokacin suke. Wasu 'yan tsiraru can nesa suna rubutawa, mu sauran jama'a muna karantawa, shi ke nan.

Kuskurena na farko shi ne abin ya yi mini daɗi, domin ya dace da halina. Ni ma haka nake aikina: in tara mutane a gindin bishiya, in zuba musu bayani, kafin wani ya gyara murya na buga babur na yi gaba. Sai na sa Emeka ya buga mini bayanin a takarda, na sa ta a leda kada ruwa ya taɓa, na dinga yawo da ita ƙauye-ƙauye kamar laya. A wani ƙauye gefen Malumfashi, Nomau ya tare ni. Kin san Nomau, Bamagujen nan abokina mai dogon wuya da yake kawo mana gyaɗa duk kaka. Ya tambaye ni ko wanda ya rubuta takardar ya taɓa taka jar ƙasarsu. Na ce masa daga kwamfuta ta fito, na buga babur.

Daga baya na gane rabin takardar gaskiya ne, domin shuka waken suya a gonar da ƙuduji ya kama yana rage shi, na gani da idona. Sauran rabin, musamman lokacin shuka da tazarar rami, na wata ƙasa ne da ruwanta ba irin namu ba. Ban iya rarrabe su ba a lokacin, domin takardar ba a yi mata tambaya, ni ma mai ɗauke da ita ba a yi mini. Saboda haka idan an turo miki bayani daga ofis aka ce ki sa a shafi, ki fara tambaya a ina aka gwada shi, a wace irin ƙasa, da wane irin ruwa. Idan kuma kin gama magana, ki zauna ki jira. Tambayar da ke biyo bayan bayani ita ke nuna miki inda ya gurguce, ni kuwa na yi shekaru ina guje mata a kan babur.

Sai zamani ya juya. Manyan wayoyi suka shigo, shagon Emeka ya mutu, kowa ya koma yawo da kwamfutarsa a aljihu. Ke kika buɗe mini shafi a dandalin sada zumunta, lokacin kina sakandare, kina yi mini tsiyar cewa fartanya ta kaurara mini yatsa, harafi uku nake dannawa a lokaci guda. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ɗan filin nan da ke ƙarƙashin kowace magana, inda kowa zai iya rubuta tasa. Na sa bayani a kan takin zamani, kafin azahar wani mutum da ban taɓa gani ba, hotonsa ma na zaki ne, ya rubuta mini wai ba haka ba ne. Ni fa! Na yi kwana da kwanaki ina musu da zakin nan, har mahaifiyarki ta ce in tuwo ya sake hucewa a gabana ita ta daina ɗumamawa.

Da na saba kuma, sai na kamu da wani ciwon, wato daɗin yabo. In sa hoto, in koma gefe ina leƙen waɗanda suka ɗaga mini babban yatsa. A cikin wannan maye na yi kuskure na biyu. Wata shekara na bi ta gonar Nomau, ƙuduji ya ci ƙarfinsa, gonar ta yi jawur da fure. Na ɗauki hoto, na sa a shafi, na rubuta a ƙasa cewa ga ƙarshen wanda ba ya jin shawarar malamin gona. Ban kama sunansa ba, a ganina na rufa masa asiri. Na manta da kukar nan mai tsagaggen gindi da ke tsakiyar gonar, wadda duk mai zuwa kasuwar Malumfashi ta wannan hanya ya san ta kamar yunwar cikinsa. Kafin kasuwa ta zagayo ana nuna masa gonarsa a wayoyin mutane, ana tambayarsa ko bana fure zai ci.

Bai yi hayaniya ba. Ya same ni a rumfar mai shayi, ya zauna, muka gaisa, sannan ya ce:

"Malam, da can in ka zage ni a gindin bishiya, iska ke kwashewa. Wannan fa, ina zan je in goge?"

Na goge a wurina nan take, amma wasu sun riga sun kwafa, har yau nakan ci karo da hoton yana yawo da rubutuna a ƙasa. Tun kafin a san waya aka ce magana zarar bunu ce. Manoma za su turo miki hotunan gonakinsu masu ciwo, domin sun yarda da ke. Ki sani gonar mutum sirrinsa ce, daga ita ake gane abin da iyalinsa za su ci. Kada ki ɗora hoton kowa don ki koyar da wasu sai kin nemi izininsa da bakinki, komai yawan yabon da za a yi miki. Nomau ya yafe mini, domin haƙurinsa ya fi nawa, amma an ɗau lokaci gyaɗarsa ba ta shigo gidan nan ba.

Guruf ɗin manoma ke kika kafa shi, kada ki ce na manta. Da na yi ritaya na zauna gida ina sa baki a harkar murhu, ke da uwarki kuka haɗa kai a samo mini aikin yi. Kika tattara lambobin mutanen da na yi aiki da su, daga Ɗandume har Musawa, kika sa ni admin, mai riƙe da makulli, kika koya mini saƙon murya. Wannan saƙon murya shi ya buɗe ƙofar da gaske. Nomau ko bihim bai sani ba, a boko ko a ajami, amma ya iya danne waya da babban yatsa ya yi magana, kuma in ya fara sai caji ya raba. Mutanen da suka yi shekaru suna sauraron rediyo da irina, ba su da wurin mayar da magana, sai ga su da bakinsu.

Da farko na ɗauka bishiyata ce ta dawo cikin waya. In yi bayani da safe, a bi ni da Allah Ya saka da alheri. Sannu a hankali sai suka fara magana da juna ba tare da sun bi ta kaina ba. Wani ya nemi irin dawa mai saurin nuna, wani daga nan Bakori ya ce yana da shi. Bijimin huɗa ya ɓace a wani ƙauye, aka sa hotonsa, aka gan shi a wani. Emeka ya ɗauki bidiyon yadda ake wanke bakin injin feshi, matasa suka yi ta turawa. Maimakon in yi murna, sai na riƙa jin wani abu yana sukata a ƙirji duk lokacin da aka warware matsala ban sa baki ba. Ban san sunan abin ba a lokacin, yanzu na san kishi ne.

Sai ga ranar ta zo. Kin dawo daga kwalejin noma kina zaman jiran aiki. Aka yi ruwa mai ƙarfi a Bakori, da safe na je gona na tona da hannu kamar yadda ubana ya koya mini, danshi ya wuce wuyan hannu. Na danna waya na ce damina ta sauka, kowa ya ɗauki sungumi. Ban ce mutanen Bakori ba, cewa na yi kowa. Ba a jima ba sai ga rubutunki a ƙasa, har yau ina iya karanto shi da ka:

"Malam, a gafarce ni. Kawu Sale ya ce a Musawa yayyafi kawai aka yi. Da kowa zai tona gonarsa ya turo hoton inda danshi ya kai, da an san wanda zai yi shuka da wanda zai dakata."

Ko Baba ba ki kira ni ba, Malam kika ce, don kada a ce 'ya ce ke gyara wa ubanta. Wannan ladabin sai daga baya na gan shi. Abin da na gani a lokacin shi ne hotuna suna ta shigowa ba ƙaƙƙautawa: hannaye cikin ramuka, wani jiƙe har gwiwar hannu, wani busasshiyar ƙasa na zuba ta tsakanin yatsunsa. Kowa Malama yake ambata. Ina zaune a majalisar ƙofar gida, sai wani mai barkwanci daga Ɗandume ya turo murya wai yau reshe ya juye da mujiya, malami ya samu malama. Ɗaya daga cikin abokaina ya kunna ta da ƙarfi, aka kwashe da dariya. Dariyar ba ta mugunta ba ce, na sani, amma sai na ji kamar an cire mini hula a tsakiyar kasuwa. Kina cikin gida, katanga ce kawai tsakaninmu. Na danna sunanki na cire ki.

Na ɗauka irin tsawar nan ce da uba ke yi wa ɗansa a cikin gida, a yi a wuce, maƙwabta ma ba su ji ba. Ban san wayar za ta rubuta wa kowa da kowa cewa wane ya cire wance ba. Daga Ɗandume har Musawa aka karanta cewa na kori 'yata. Don kada wani ya tambaye ni dalili, sai na ƙara da kulle guruf ɗin, ya zama ni kaɗai ke iya magana.

Na yi ta ba kaina hujja. Na ce tarbiyya ce, yaro ba ya sa baki a maganar manya, balle mace a taron maza. Mahaifiyarki ba ta yi doguwar magana ba. Cewa ta yi ni na sa miki sunan mahaifiyata, kuma na fi kowa sanin marigayiya ba ta taɓa barin maganata ta wuce in ta ga ta karkace ba, to me nake tsammani. Na tashi na bar mata wurin. Gaskiyar magana girman kai ne, ba wata tarbiyya. Kuma ki sani ban yi ƙarya a kan gonata ba, shukar Bakori ta fito lafiya lau. Amma a wajen Musawa, waɗanda suka bi muryata ba su jira ba, irinsu ya tsiro da ɗan yayyafin nan, rana ta ƙone shi, sai da suka sake shuka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na zauna a Bakori ina yanke wa mutanen Musawa hukuncin ruwansu.

Guruf ya yi tsit. Ina tura bayani kowace safiya, babu mai amsawa, don babu hanya. Na mayar da shi allon bakin titi irin na tsohon shagon Emeka, har ina gaya wa abokaina yanzu ne aka samu natsuwa. Ana cikin haka masara ta kai gwiwa, tsutsar nan mai shiga tsakiyar ganye ta ɓulla a wajen su Nomau. Ya ɗauki waya zai faɗa wa jama'a, ya tarar ba wurin dannawa. Ya kira ni, na ga sunansa na ƙi ɗauka, a zatona zancenki zai yi mini. Sai ranar da kasuwar Bakori ta ci ya hau babur ya zo, ya iso da karan masara a hannu, ganyen duk huji, ya ajiye mini a kan tabarma.

"Na taho da ƙafata, Malam, tunda ka rufe mana baki," in ji shi. "Wannan kuwa ba tawa ba ce ni kaɗai."

Na ɗauki waya zan buɗe guruf, sai na tarar kullewa na iya, ban iya buɗewa ba. Wadda ta iya tana tsakar gida tana tankaɗe, ina jiyo ƙarar rariya. Wallahi, Uwata, na miƙe har na kai bakin ƙofa, ƙafata ta ƙi shiga. Na juya na hau mota na tafi Funtuwa wurin Emeka. Ya karɓi wayar, ya buɗe cikin ƙiftawar ido, ya tambaye ni yadda aka yi na baro mai gyara a gida na taho har Funtuwa. Kafin in fito daga shagon saƙonni sun fara zubowa. Ashe mutane da yawa sun ga tsutsar, kowa yana zaton gonarsa ce kaɗai, yana jira ya ji daga bakin wani. Waɗanda suka yi feshi da wuri sun tsira da mafi yawan amfaninsu. Waɗanda ta riga ta yi wa nisa kuwa, har yau in na haɗu da su a kasuwa sai in ji nauyin haɗa ido.

To ga nasihata a kan makulli. Za ki buƙace shi, kada ki ɗauka ina cewa a bar ƙofa a buɗe ga kowane kare da doki. Akwai mai zagi, akwai mai tallan jabun magani, akwai mai turo muryar wani da ba a san ko wane ne ba wai an tare hanya kaza, ya tayar wa mutane hankali a banza. Irin waɗannan ki gargaɗe su, in sun ƙi ki fitar da su, ba ki yi laifi ba. Amma kafin yatsanki ya sauka a kan sunan mutum, ki tambayi kanki, jama'a ya cutar ko ke ya ɓata wa rai? In ke ce kawai, ki ajiye wayar ki je ki yi alwala. Kamfani ne ya buɗe shafin, ke ce mai gadinsa, amma masu magana a ciki su ke raya shi. Ranar da suka yi shiru ba abin da zai rage sai ke da sanarwarki, na ɗanɗana wannan na san ba daɗi.

Akwai ƙananan kuma da ba zan bari ba. Za a yabe ki, wasu don aikinki, wasu don hotonki. Mazan da za su biyo ki ta saƙon sirri da sallama da dogon wa'azi, ki bar su a inda kika gan su, mai nufin alheri zai nemi hanyar gidan Gwaggonki. Kada ki tura abin da ba ki tabbatar ba, ko da an yi rantsuwa a cikinsa. In manomi ya turo miki murya mai tsawo, ya fara da gaisuwar iyali da ta dabbobi kafin ya iso ga tambaya, ki saurara har ƙarshe, sau da yawa sai ya kusa sallama yake faɗin abin da ya kawo shi. In ba ki san amsa ba ki ce ba ki sani ba, ki jefa wa jama'a, wani a ciki ya taɓa ganin irinta. In kuma ana kiran salla, ko Gwaggonki na yi miki magana, ki kifa wayar.

Ke ma kina da naki, kada ki ga ina ta tona asirin kaina ki ɗauka kin tsira. Shirun nan naki ya fi zagi ciwo, kuma ba wurin kakarki kika gado shi ba, ita da tun a ranar ta wanke ni tas an wuce wurin. A wurin aiki wani babba zai yi miki irin abin da na yi miki, ko fiye. Kada ki naɗe tabarmarki ki koma gaisuwa kawai. Ki nemi lokacin da yake shi kaɗai, ki faɗa masa da ladabi, sau ɗaya ma ya isa. Babba yakan san ya yi kuskure tun kafin a gaya masa, hanyar da zai bi ya sauko ce take ɓace masa.

Saura magana ɗaya. A ranar nan a shagon Emeka, da ya buɗe guruf ɗin, ya ce bari ya mayar da ke. Ya danna, wayar ta ƙi. Ya duba ya ce kin gyara taki yadda ba mai iya jefa ki cikin wani guruf sai da yardarki, iyaka a tura miki gayyata, ke za ki danna ko ki bari. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ni da na saba in ce wa yaro shiga ya shiga, fita ya fita, yau ga waya tana gaya mini sai na roƙa. Na ce masa ya bari, zan yi miki magana a gida. Aka yi girbi, aka yi rani, ga wata daminar ta kawo kai, ban yi ba. Nomau kuwa kusan duk muryar da zai turo sai ya ƙare da tambayar ina Malama.

Yau da hantsi na tura miki gayyatar da hannuna, ba wanda ya taya ni. Na san kin gan ta, domin wayar ta nuna mini an buɗe. Da kika kawo mini abincin rana na dubi fuskarki, kika ajiye kwano kika juya, ban kuma ga laifinki ba. Na yi miki ba daidai ba a gaban mutane, Uwata. Ki yafe mini. Tunda a gaban mutane aka yi, na faɗa a guruf ɗin da muryata cewa bara ni na yi kuskure, Malama ce ke da gaskiya. Ba za ki ji ba tunda ba kya ciki, amma ki tambayi Kawunki Sale, shi ya fara amsawa. Emeka ya ce gayyatar takan mutu bayan 'yan kwanaki in ba a danna ba. In ta mutu zan turo wata.

Allah Ya tsare ki a hanya da masauki. Allah Ya haɗa ki da shugabanni masu adalci da abokan aiki masu tsoronSa, Ya kare ki daga sharrin baki da sharrin yatsa, naki da na wasu. Allah Ya sa aikin nan ya zama alheri gare ki da manoman da za su dogara da ke, Ya yi miki albarka duniya da lahira. Mahaifiyarki ta ce in gaya miki daddawar da kukar suna cikin jan bokiti, ki duba ki tabbatar ba ki baro su a mota ba.

Jiya an yi ruwa a nan, kin ji shi. Na je gona na tona, danshi ya kai wuyan hannu, na ɗauki hoton hannuna a cikin ramin kamar yadda kika ce a yi. Ban ce wa kowa ya ɗauki sungumi ba. Na rubuta Bakori a ƙasan hoton, na tambayi na sauran wurare. Ɗandume sun turo, Nomau ya turo na Malumfashi da doguwar murya, Kawunki ya turo na Musawa. A bayan gidan Gwaggonki akwai 'yar gona. Na Zariya ne babu.

Wassalam.

Ni ne,
Babanki.